Me ya sa tauraron jifa ba ya kafewa a katako?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon karate, na kuma samu taurarin jifa irin na Japan guda uku masu tsini huɗu. Na jingina tsohon ƙyauren katako ina jifa daga nisan taku bakwai, amma cikin jifa goma da ƙyar biyu ke kafewa, sauran sai su daki katakon su dawo kaina. Ƙarfi zan ƙara, ko wasa su zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara ƙarfi, kada kuma ka wasa su. Matsalarka tana ga ƙyauren nan, da nisan da ka tsaya, da wuyan hannunka.

Abin da ke hannunka Japanawa na kiransa shuriken, irin mai faɗin nan kuwa shaken. Akwai wani irin mai kama da doguwar ƙusa, bo-shuriken, wanda tsofaffin makarantun koyon dabarun yaƙi na Japan kamar Negishi-ryu da Shirai-ryu suka fi shahara da shi. Naka ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba, domin ko ta ina ya juyo akwai tsini a gaba. Mai ƙusar shi ne ke fama da lissafin juyi.

Fara da sauya abin da kake jifa. Busasshen katakon ƙofa yana da tauri, tauraro kuwa ƙarfe ne marar nauyi, yawanci giram 40 zuwa 60, saboda haka ba shi da nauyin da zai huda shi. A Japan tabarmar tatami mai kauri ake jingina wa bango. Idan babu ita, haɗa kwali falle takwas zuwa goma, ka ɗaure su tam da igiya, ka sa katako a baya. In icce kake so, nemi gungume mai taushi da aka yanka a gicciye, ka riƙa jifan fuskar yankan, inda tsini ke shiga tsakanin zaren iccen. Ka ɗan yayyafa masa ruwa kafin ka fara. Tsakiyar allon, wato abin da kake jifa, ta yi daidai da ƙirjinka.

Sannan ka matso. Taku bakwai ya yi wa ɗan koyo yawa. Tsaya a mita 3, kada ka ja baya sai takwas cikin goma suna kafewa, sa'an nan ka ƙara rabin mita.

Yanzu ga inda aikin yake. Japanawa masu wannan fanni ba sa cewa sun jefa shuriken, cewa suke sun buga shi, kuma wannan kalma ta ƙunshi darasin duka. Motsin irin na saran takobi ne daga sama zuwa ƙasa, ba irin na jifan mangwaro da dutse ba. Riƙe tsini ɗaya tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, tauraron yana tsaye a kan bakinsa, ba kwance ba. Riƙon ya zama sako-sako, daidai yadda ba zai suɓuce ba. Idan da dama kake jifa, sa ƙafar hagu gaba. Ɗaga hannu har tauraron ya kai saitin kunnenka, gwiwar hannu tana kallon allo, sannan ka sauke hannun a miƙe, ka bar tauraron ya zame daga yatsunka lokacin da hannun ya nuna inda kake so. Kada ka tsayar da hannun a nan, bar shi ya ƙarasa sauka. Ba sai ka wulwula shi da gangan ba, riƙon gefe ɗaya da ka yi shi zai sa ya juya da kansa.

Kowane kuskure yana barin shaida. Idan ya sauka ƙasa da inda ka nufa, ka makara wajen saki. Idan ya wuce sama, ka yi gaggawa. Idan ka ji ƙara kwal, ya daki allon da faɗinsa ya dawo, to ka murɗa wuyan hannu a ƙarshen jifa, kuma wannan ne ke damun yawancin masu koyo. Duba wanda ya kafe: in ya karkace, haka hannunka ya karkace. Masu sa ƙarfi su suka fi yin wannan, domin kafaɗa na sandarewa, hannu ya ratse gefe.

Batun wasawa kuwa, tsini kaɗai ke aiki. Kaifin gefe ba ya ƙara komai sai yankan yatsa wajen saki. In bakin tsini ya lanƙwashe ko ya yi ƙaya, goge shi da magagari. Don kada taurarin su riƙa sarar juna, zana wurare uku a allon, kowane tauraro da nasa. Wajen cirewa, girgiza shi sama da ƙasa, kada ka lanƙwasa shi gefe.

Dawowar da suke yi maka abin tsoro ne, domin ƙarfen na iya samun ido. Sa tabarau na kariya da takalmi sau-ciki, rataya tsohon bargo a bayan allon, kuma kada mutum ko dabba su kasance a gabanka ko a gefenka, musamman yara. Ba a zuwa ɗauko tauraro alhali wani yana riƙe da nasa. Ka kuma bincika dokar inda kake zaune: a Birtaniya, wata dokar 1988 ta hana sayar da su da shigo da su. Jifa 50 a rana cikin natsuwa sun isa, da zarar kafaɗa ta fara nauyi ka ajiye sai gobe.