Amsa: Makin ilimin zamantakewa ya ƙi tashi

Malam, ka ce kana karatu ba dare ba rana amma makinka a jarrabawar ilimin zamantakewa ya tsaya cak. Galibi matsalar ba ta karatu ba ce, ta rubutu ce. Mai duba takarda nazarin masana yake nema, ba sharhin jarida ba.

A ce an tambaye ka kan addini. Kawo Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, wanda ya ce addini ne ke ɗaure al'umma wuri guda. Gwama shi da Marx, masani ɗan Jamus, da ya ga addini na kwantar wa talaka hankali ya haƙura da zalunci, sannan Weber, shi ma masani ɗan Jamus, da ya danganta aƙidar Kiristocin Furotesta da bunƙasar jari-hujja. Ƙara misali ɗaya na yau, ka yanke hukuncinka a layi biyu. Jera sunaye kawai ba tare da gwamawa ba asarar tawada ce.

Tattaro tambayoyin jarrabawar shekaru 10 da suka wuce, ka kasa su bisa batu, ka fara da waɗanda suka fi maimaituwa. Kullum rubuta amsa biyu da agogo a gabanka. Kuma ka lura da kalmar umarni: in an ce "yi suka", sai ka fito da raunin ra'ayin, bayani kaɗai ba zai ba ka cikakken maki ba.