Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Kwamfuta da Talabijin na Zamani

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, kuma a cikin kayan da ya bari akwai wata kwamfuta da ya zo da ita daga Faransa, an rubuta Thomson MO5 a jikinta. Wayarta ta hoto tana da faffaɗan kai mai haƙora da yawa, ga shi kuwa talabijin ɗina na bango ba shi da wurin da wannan kai zai shiga, sai kafar HDMI da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja. Na sayi wani ɗan mahaɗi da ke mayar da faffaɗan kan zuwa waya mai kai uku, na jona, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Wani mai gyara ya ce mini ta mutu, in haƙura. Ina so ƴaƴana su ga abin da kakansu ya yi aiki da shi. Shin da gaske ta mutu, ko akwai wata dabara?

Mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin yanke ƙauna, domin baƙin allon da ka gani shi ne ainihin abin da lafiyayyar MO5 za ta nuna idan an jona ta da irin wannan mahaɗi.

Kamfanin Thomson ya fitar da MO5 a 1984, kuma ta bazu a makarantun Faransa bayan da gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin koyar da kwamfuta ga kowa a 1985, saboda haka ba abin mamaki ba ne a same ta a kayan malamin makaranta. An ƙera ta ne don a jona ta da talabijin na gida ta faffaɗan kan nan mai haƙora 21, wanda Faransawa ke kira Péritel, sauran Turai kuma suna kiransa SCART. Ka riƙe sunayen biyu, domin za ka buƙace su wajen saye. A 1980 doka ta wajabta sanya wannan kafa a talabijin ɗin da ake sayarwa a Faransa a wancan zamani, shi ya sa masu ƙera kwamfuta a can suka dogara da ita.

Wayar Péritel tana iya ɗaukar hoto ta manyan hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce a cure launi da haske da siginar daidaita layuka wuri guda, a tura su ta haƙori ɗaya, kuma irin wannan curarren hoto ne ramin rawaya na talabijin ɗinka yake jira. Hanya ta biyu, wadda ake kira RGB, ita ce a raba launuka uku, kowanne da haƙorinsa: ja a haƙori na 15, kore a na 11, shuɗi a na 7, sannan haƙori na 20 ya ɗauki siginar da ke gaya wa talabijin inda kowane layi ya fara da inda hoto ya ƙare, yayin da na 16 ke ba shi umarnin ya karanta launukan uku. MO5 da hanya ta biyu take aiki. Mahaɗin da ka saya kuwa ba shi da komai a ciki sai ƴan wayoyi, yana ɗaukar siginar daidaitawar nan ita kaɗai ya kai ta ramin rawaya, ya bar launukan uku a baya. Abin da ya isa talabijin kamar takarda ce da aka ja wa layi ba a rubuta komai a kanta ba.

Kafin ka kashe ko dala a kan wani sabon abu, ka fara da akwatin wutarta. Na'urar da ta kai shekara arba'in, wadda ta yiwu ta shafe rabinsu a cikin adaka ƙarƙashin rufin kwano a zafin Damagaram, kapasitocinta, wato ƴan ƙananan gwangwanayen da ke riƙe wuta a cikinta, sukan bushe, kuma akwatin wutar da ya lalace yana iya ƙona abin da babu inda za ka sami madadinsa a kusa. Ka kai shi wurin mai gyaran rediyo ya auna da mita, ya kwatanta abin da ke fitowa da abin da aka rubuta a jikin akwatin. Kada ka yarda a ce a gwada da wata adafta don kawai bakinta ya shiga ramin. Wutarmu ta bolt 220 ta dace da kayan Faransa, amma tunda takan hau ta sauka, ka sa sitabilaiza a tsakani. Idan an buɗe kwamfutar, a share ƙura da burushi mai laushi, a duba ko akwai kapasitan da ya kumbura ko ya zubar da ruwa.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka tana raye ko da ba ka ga hoto ba, kuma mahaɗin da ka riga ka saya zai yi wannan aikin. Ka jona farin kai ko jan kai da rediyo mai kafar shigar sauti, ka kunna kwamfutar, ka rubuta PLAY"DOREMI" ka danna maɓallin ENTREE. Idan ka ji sautuka uku suna hawa, to ƙwaƙwalwarta da harshen BASIC da ke cikinta, wanda ake ba ta umarni da shi, suna aiki, saura hoto kawai. Idan ba ka ji komai ba, ka juya ɗan makunnin da ke jikin mahaɗin, in yana da shi, ka sake gwadawa.

Hanyar da na fi so, kuma ita nake ba ka shawara ka fara nema, ita ce tsohon talabijin mai doro wanda ke da kafar Péritel. A nan ƙasar an daɗe ana shigo da talabijin ƙirar Faransa, saboda tsarin SECAM da aka yi amfani da shi wajen watsa shirye-shirye, kuma da yawa daga cikinsu suna jibge a shagunan masu gyara ko a ɗakunan ajiya na gidaje tun da aka koma na bango. Ka zagaya wurin masu gyara da masu kayan gwanjo a kewayen kasuwar Dole da Zango, kwamfutar na hannunka, a gwada a gabanka kafin ka biya. Ka duba bayan talabijin ɗin da idonka, domin yawancin waɗanda suka shigo ta Kano ba su da wannan kafa, ramukan nan uku kawai gare su. Batun ko tsarin launin talabijin ɗin SECAM ne ko takwaransa PAL kada ya dame ka, tunda hoton RGB ba ya bi ta ɗayansu. Dalilin da ya sa na fifita mai doro shi ne don irinsa aka yi na'urar: tana zana hoto mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launuka 16, sau 50 a daƙiƙa, kuma gilashin mai doro yana nuna shi nan take ba tare da jinkiri ba. Sannan idan a cikin kayan mahaifinku akwai alƙalamin hasken nan da ake taɓa allo da shi, ba zai yi aiki a talabijin na bango ba ko kaɗan, domin yana gane wurin da aka ɗora shi ne ta hanyar hango ɗigon hasken da ke share gilashin mai doro layi bayan layi.

Idan ba a sami mai doro ba, yawancin talabijin na bango da aka sayar a Turai kafin wajen 2015 suna da kafar SCART, kuma irinsu suna zuwa cikin kayan gwanjo. Wanda ke da kafa biyu, galibi ta farkon ce kaɗai ke karɓar RGB. Shi ma sai an gwada, domin wasunsu suna ƙin siginar tsofaffin kwamfutoci, ko hoton ya riƙa rawa.

Idan kuwa ka ƙudura sai talabijin ɗinka na yanzu, to dole ne akwatin sauya sigina mai aiki da wuta, domin HDMI dijital ne, Péritel kuwa analog, kuma babu wata wayar da za ta mayar da ɗaya zuwa ɗaya ita kaɗai. A nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Akwatunan da ke sauya HDMI zuwa SCART da masu sauya SCART zuwa HDMI kamarsu ɗaya a ido, kai kuwa wanda SCART ke shiga, HDMI ke fita kake buƙata. Ko a cikin waɗannan, da yawa daga masu araha curarren hoto kawai suke karantawa, ba su kula da haƙoran launuka uku, saboda haka baƙin allon nan ne zai sake dawo maka. Kada ka sayi wanda ba a rubuta RGB ƙarara a bayaninsa ba, kuma ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka mayar idan bai yi ba. Akwai na'urorin da aka ƙera musamman don tsofaffin kwamfutoci, irin su OSSC da RetroTINK-5X, masu fitar da hoto tsaf ba tare da jinkirin da ido zai gani ba, sai dai suna da tsada sosai, kuma sai an yi oda daga waje. Ga mutumin da kwamfuta ɗaya tak gare shi, ban ga dalilin wannan ɗawainiya ba matuƙar ana iya samun mai doro a gari.

Kada ka gwada allon kwamfutar ofis mai kafar VGA kai tsaye, domin MO5 tana zana layuka kusan 15,625 a daƙiƙa, yawancin irin waɗannan alluna kuwa ba su karɓar abin da ya gaza ninkin wannan. Idan hoto ya fito a na bango, ka shiga saitinsa da rimot ka mayar da faɗin allo zuwa 4:3, in ba haka ba haruffan za su baje. Abin da za ka fara gani shi ne rubutun MO5 BASIC 1.0 da kalmar OK a ƙarƙashinsa. Idan akwai kaset-kaset ɗin da ake ajiye manhajojinta a cikin kayan, ka raba su da rana da lasifika, kuma a duba robar da ke juya na'urar karanta su kafin ka saka ko ɗaya, domin takan narke ta manne, ta tauna zaren.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina da kwamfuta Commodore 64 da yayana ya sayo mini a Kano. Na jona ta da kafar eriya, na sa talabijin ya nemi tasha, bai sami komai ba. Da na gwada waya mai kai uku, hoto ya fito amma fari da baƙi ne. Me ya kamata in yi?

Mai karatu daga Mirriya

AMSA

Barka kadai, ƴar'uwa ko ɗan'uwa, domin wasiƙar ba ta nuna ba. Taka matsalar ta fi sauƙi, tunda Commodore 64, wadda ta fito a 1982, ba ta fitar da RGB, curarren hoto take bayarwa ta zagayayyar kafar da ke bayanta, kuma shi ramin rawaya yake so. Neman tasha ya ci tura ne saboda sababbin talabijin da yawa tashoshin dijital kawai suke nema, sai an zaɓi analog da hannu. Commodore ƙirar Turai tana fita a tasha ta 36 ta UHF, ta Amurka kuma a ta 3 ko ta 4. Amma hoton eriya shi ne mafi dusashewa, gara a manta da shi.

Rashin launi yana da dalilai uku da aka fi gani. Wasu talabijin suna haɗa ramin rawaya da koren rami na wata kafa mai kai biyar, kuma idan ba a zaɓi AV da rimot ba, hoton fari da baƙi zai fito. Wani lokacin kuma wayar ce: zagayayyar kafar tana da haƙorin da ke ɗauke da haske zalla da wanda ke ɗauke da curarren hoto, saboda haka a gwada kowane kai na wayar a ramin rawaya bi da bi, ba tare da la'akari da launin robarsa ba. Na uku shi ne kwamfutar ƙirar Amurka ce mai tsarin NTSC alhali talabijin yana kan PAL, ko akasin haka, sai a mayar da tsarin launi a saitin ya riƙa zaɓa da kansa. Idan akwatin wutar ya nuna bolt 110 ko 117, ta Amurka ce, kuma ba a jona shi da wutarmu sai ta taransifoma mai rage ƙarfi.

Abin da ya fi damuna da wannan na'ura shi ne akwatin wutarta na asali. Yana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9, kuma an san shi da cewa idan ya tsufa, ɓangaren bolt 5 ɗin yakan haura ba tare da wata alama ba har ya ƙona ƙwayoyin ajiyar da ke cikin kwamfutar. Da yawansu an cika cikinsu da wani ƙaro mai tauri, ba su buɗuwa balle a gyara. A sa mai gyara ya auna shi kafin a ci gaba da amfani, a kuma riƙa sake aunawa lokaci-lokaci. Idan awon ya wuce bolt 5 da fiye da ɗan kaɗan, ko ya ƙi tsayawa wuri ɗaya bayan akwatin ya yi zafi, a cire shi daga jikin kwamfutar a nemi sabo wanda aka ƙera don Commodore 64.