Magani biyu bai yi wa Hajiya ba, ga mantuwa ta shigo

Tambaya: Likita, mahaifiyata shekararta 71. Tun rasuwar mahaifinmu ciwon damuwa ya kama ta. An ba ta magani kala biyu a asibiti, babu sauƙi. Yanzu har raka'o'in sallah take mantawa. 'Yan uwa suka ce maganin ne ke cin ƙwaƙwalwarta, suka dakatar da shi, mai kemis ya ba ta ƙwayar barci. Ina tsoron kada gigin tsufa ne.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya. Ba a cewa damuwa ta gagari magani sai an sha kala biyu, kowanne da cikakken ma'auni, mako 6 zuwa 8, tsoho kuwa yakan kai mako 12. Ko hakan aka yi? A kuma duba tayrod (wata gaɓa ce a wuya mai fitar da sinadari cikin jini), bitamin B12, sukari da gishirin jini.

Amma ƙwayar barcin nan ce ta fi tayar min da hankali. Kullum sai an kawo mana dattijo yana layi, a buɗe ledarsa a ga diazepam ko Lexotan. Mai kemis ya ji "ba ta barci", ya miƙo, ya karɓi kuɗinsa, ko shekarunta bai tambaya ba. Waɗannan ba sa warkar da damuwa, kwantar da mutum kawai suke yi, gida ya yi shiru a ce an samu sauƙi. Diazepam yakan yi kwanaki a jikin tsoho bai fita ba, na jiya ya tarar da na shekaranjiya. Daga nan sai ruɗewa, mantuwa, faɗuwa a banɗaki da asuba, karayar ƙugu. Abin takaici, maganin da likita ya rubuta shi aka ɗora wa laifi, na kanti kuma ake ba ta da bismillah! Kada dai ku yanke ƙwayar barcin lokaci guda idan ta jima tana sha, yin hakan yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage ta sannu a hankali.

Mantuwar kuwa, damuwar kanta tana daƙushe tunani, kuma sau da yawa yakan dawo idan ta warke. Damuwar da ta zauna wa tsoho ita ce ke ƙara haɗarin cutar mantuwa, kusan ninki biyu.

Hanya ba ta ƙare ba. Wani bincike a Amurka da Kanada da aka buga a 2023 kan masu shekara 60 zuwa sama ya nuna ƙara wani magani mai suna aripiprazole a kan maganin damuwar da ake sha ya warkar da kusan kashi 29 cikin 100. Akwai kuma jinyar lantarki, wato a sa wa ƙwaƙwalwa ɗan lantarki a asibiti, da mutane ke gudu. Da allurar barci ake yin ta, kuma tsofaffi na karɓarta sosai.

Ki tattara duk ƙwayoyin ki kai Hajiya wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar asibitin tarayya na Kaduna ko na Kware. Idan ta daina cin abinci ko tana zancen mutuwa ta fi mata, ranar za ku tafi, ba sai gobe ba.