Maki 241 da D7 a Adabin Turanci: zan samu gurbin karatun lauya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Katsina, karo na biyu ke nan ina neman gurbin karatun lauya a jami'ar tarayya. Na ci maki 241 a jarrabawar JAMB, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Gwamnati, Hausa da Addinin Musulunci, amma D7 na samu a Adabin Turanci. Wani mutum ya ce wa mahaifina idan aka ba shi naira dubu ɗari huɗu zai samo mini gurbi ko da sunana bai fito ba, har mahaifina ya fara neman mai sayen gonarsa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ki roƙi mahaifinki ya dakata da batun gonar nan, zan kuma faɗa miki dalili.

Maki 241 cikin 400 ba abin rainawa ba ne, sai dai babu mai iya yi miki alkawari da shi, domin makin da tsangayar shari'a ke tsayawa a kai yana sauyawa kowace shekara gwargwadon yawan masu nema da ƙoƙarinsu, sannan za a haɗa shi da sakamakon tantancewar jami'a. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na 'yan yankin da jami'ar ke yi wa hidima, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Katsina tana cikin jihohin nan, don haka kina da ƙofa fiye da ɗaya. Abin da ya tare miki hanya shi ne D7 ɗin nan, saboda Adabin Turanci sharaɗi ne a karatun lauya, kuma ko maki 300 kika ci, a nan za a ajiye takardunki. Ki sake zama jarrabawar a NECO ko WAEC ta masu zaman kansu, ki duba kundin JAMB ki tabbatar jami'ar da kika zaɓa tana karɓar haɗin sakamako biyu, idan ya fito kuma ki je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗora shi a shafinki. Ɗalibai da yawa suna rasa gurbi saboda sun manta da wannan ɗorawar kawai.

Yanzu ga mutumin da ya je wurin mahaifinki. Kusan kullum sai an shigo ofishina da wannan magana, wai "akwai hanya", kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin talakawa ake cuta da shi. Tun 2017 duk gurbin da ake bayarwa a jami'o'in Najeriya ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB yake bi: jami'a ta gabatar da suna, hukuma ta amince, ɗalibi ya karɓa da hannunsa a shafinsa. Takardar da wani zai miƙo miki a ambulan, ko da tambarin jami'a ne a samanta, idan ba ta bi ta nan ba, ranar da aka zo tattara sunayen masu yi wa ƙasa hidima za ki tarar hukumar ba ta san da zamanki ba.

A fannin lauya haɗarin ya ninka, domin jami'a ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ce ke ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma wannan adadin ne Makarantar Horar da Lauyoyi ke karɓa daga gare ta, ko a hedikwatarta ta Bwari za a tura mutum, ko Bagauda, ko Yola. Tsangayar da aka ba ɗari ta ɗebi ɗari biyu, to ɗari sun zama rara, su hau layi, baɗi kuma wasu su taru a bayansu. Majalisar ba ta wasa da wannan: a farkon 2025 JAMB ta sanar cewa ba za ta ba da gurbin lauya a jami'o'i takwas ba saboda majalisar ta dakatar da su. Na taɓa zama da wani matashi da ya riƙe jakar takardunsa a cinya, digirinsa na ciki shekara uku, yana tambayata ko akwai wanda zan kira. Ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali ya kare kowa, kuɗin iyayensa sun tafi, wanda ya samo masa gurbin kuwa ya daina ɗaga waya tun yana aji biyu.

Haka nan kada ki saurari mai cewa ki shiga wani kwas, daga baya a mayar da ke lauya. Kujerun ƙidayayyu ne tun daga aji ɗaya, wanda ya shiga da wannan buri galibi a inda ya shiga yake ƙarewa, da ɓacin rai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗannan dillalai sukan karɓi kuɗin yaran da dama sun cancanta, idan suna ya fito su ce aikinsu ne, idan bai fito ba su ce a jira jeri na biyu. Kuma ki yi tunani, sana'ar da kike nema ana tantance halin mutum kafin a rantsar da shi, bai kyautu ki fara ta da cin hanci ba.

Idan bana ba ta yiwu ba, ki gyara Adabin, sannan ki zaɓi ɗaya: ko ki sake zama JAMB da shiri mai kyau, ko ki yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ki nemi shiga aji biyu kai tsaye, digirin ya zama shekara huɗu maimakon biyar, ko da yake guraben wannan hanyar ma kaɗan ne kuma sai da maki mai ƙarfi. Ki karanta wa mahaifinki amsar nan, ki buɗe masa shafinki na CAPS a waya ya ga inda suna ke fitowa da idonsa. Allah Ya ba ki sa'a.