Tambaya da Amsa: Me ya sa kusan duk gwanin kiɗan Turawa malami ne?

Tambaya

Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 13, tana ƙaramar sakandare a Jos. Shekara uku ke nan tana koyon gogen Turawa, wanda suke ce wa bayolin, kuma malaminta ya ce tana da kunne. Yanzu ta kafe cewa wannan ce sana'ar da za ta yi. Na shiga intanet na karanta tarihin wasu masu irin wannan kiɗa, sai na ga kusan kowanne an rubuta yana koyarwa a makaranta kaza. Shin waɗanda kiɗan bai karɓe su ba ne ke komawa koyarwa? Yaya ake horar da su, kuma ana cin abinci da wannan sana'a kuwa?

Daga wani uba a Jos

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka.

Abin da ka lura da shi gaskiya ne, fassarar da ka yi masa ce ban yarda da ita ba. A kiɗan kilasik, wato kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda a kuma kaɗa shi yadda aka rubuta, koyarwa ba mafakar waɗanda suka gaza ba ce. Tun asali ita da kiɗan Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Vivaldi, wanda har yau ake sa kiɗansa a tallace-tallace, ya kama aikin malamin goge a 1703 a wani gidan marayu mata da ke Benis ta ƙasar Italiya, kuma da yawa daga abin da ya rubuta don 'yan matan nan ya rubuta shi. Bach ya zauna a Leipzig ta ƙasar Jamus daga 1723 har rasuwarsa a 1750 yana koyar da yaran makarantar majami'a, yana kuma shirya musu abin da za su rera ranar Lahadi. Chopin kuwa, duk sunan da ya yi a fiyano, wasannin da ya yi a bainar jama'a a rayuwarsa ba su wuce talatin ko makamancin haka ba. Da darussan da yake ba 'ya'yan masu hali a Faris yake biyan haya, sai kuma abin da masu buga takardun kiɗa ke ba shi.

Dalili na farko shi ne takarda ba ta iya ɗauke wannan ilimi. Rubutun kiɗa zai nuna wa yarinyarka sautin da za ta fitar da tsawonsa, ya ce nan a sassauta, can a ƙara ƙarfi. Ba zai gaya mata nauyin da za ta ɗora wa sandar goge ba, ko yadda za ta saki kafaɗa, ko inda za ta ɗan ja numfashi kafin ta shiga jimla ta gaba. Wannan sai wanda ya iya ya tsaya a kanta. Na sha ganin darasin awa guda ya ƙare a kan layi biyu kacal: malami ya kama babban yatsan ɗaliba ya lanƙwasa shi, ta ja sanda, ya ce a sake, ta sake, ya ɗauki nasa gogen ya ja sau ɗaya don ta ji bambanci, sannan a koma farko. Shi ya sa masu wannan kiɗa ke lissafa malamansu kamar yadda malamanmu na zaure ke jero silsilar waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsu. Haydn ya koyar da Beethoven, Beethoven ya koyar da Czerny, Czerny ya koyar da Liszt da Leschetizky, Leschetizky ya koyar da Schnabel, shi kuma ya koyar da Leon Fleisher wanda ya rasu a 2020. Ka ga mutum shida ko bakwai sun haɗa ƙarni na 18 da zamaninmu. Gwanin da bai yaye ɗalibai ba, abin da ke hannunsa da shi ake binne shi.

Dalili na biyu kuɗi ne, amma kafin mu kai can bari in bi maka hanyar horon.

Masu goge da fiyano yawanci suna farawa tsakanin shekara 4 zuwa 7, har akwai ƙananan gogen yara, na kwata da na rabi, ana canzawa yaro na girma. Masu busa kan jira sai haƙoran gaba sun zauna, masu rera waƙa kuma sai murya ta nuna. A ƙasashen da suka gaji tsarin Ingila, har da Najeriya, ana auna ci gaba da jarrabawar hukumar ABRSM da aka kafa a Landan a 1889, ko ta Trinity. Matakai takwas ne, kuma a tsarin ABRSM ba a barin yaro ya zauna mataki na 6 a jarrabawar aiki sai ya ci mataki na 5 na ƙa'idojin kiɗa ko wani abu daidai da shi. Iyaye da yawa na ɗauka mataki na 8 shi ne ƙarshen karatu. Ga mai son sana'ar, nan ne bakin ƙofa.

Daga nan sai makarantar kiɗa ta musamman. Ta Faris ta samo asali a 1795, Royal Academy of Music ta Landan a 1822, ta Leipzig wadda Mendelssohn ya kafa a 1843, ta Mosko a 1866. A Amurka akwai Juilliard a New York, da Curtis a Philadelphia wadda tun 1928 ba ta karɓar kuɗin makaranta, sai dai ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, don haka shigarta ta fi biyan kuɗin wuya. A duk waɗannan wurare sakamakon sakandare ba shi ne kan gaba ba. Ɗalibi zai tsaya gaban malamai uku ko huɗu ya yi kiɗa na minti goma zuwa ashirin, kuma a kan wannan ake yanke hukunci. Idan ya shiga, digirin farko galibi shekara huɗu ne, na biyu shekara ɗaya ko biyu. Ƙashin bayan karatun shi ne darasin nan na mutum ɗaya da malaminsa, kamar awa guda a mako. A gefe akwai horon kunne, ilimin haɗa sautuka, tarihin kiɗa, wasa cikin ƙaramin rukuni na mutum huɗu, da wasa cikin babbar tawaga. Sauran lokacin yana ƙulle a wani ɗan ɗaki shi kaɗai yana tisawa, awa uku zuwa biyar a kullum. Saboda haka ɗalibin da ya san abin da yake yi malami yake zaɓa tukuna, sannan ya nemi makarantar da malamin yake.

To an gama karatu, ina aka dosa? Abin da kowane yaro ke mafarki shi ne ya zama tauraron da ke tsayawa shi kaɗai a gaba, tawaga na bayansa. Hanyar da aka fi sani ita ce gasa: ta Chopin a Waso ta ƙasar Folan, wadda aka fara a 1927 ake kuma yi duk shekara biyar, ta Tchaikovsky a Mosko tun 1958, da ta Sarauniya Elisabeth a Beljiyam. Yawancinsu suna rufe ƙofa ga wanda ya haura shekara talatin ko kusa da haka. Waɗanda ke rayuwa da irin wannan wasa kaɗai a duniya 'yan ƙalilan ne, kuma ba na ba kowane uba shawarar ya gina lissafinsa a kai.

Aikin albashi na gaske yana cikin babbar tawaga, wato okestira. Cikakkiyar tawaga tana da mutum 80 zuwa 100. Masu bayolin sun kai talatin, masu sarewa uku ko huɗu, babban ƙahon nan mai kaurin murya da ake kira tuba kuwa mutum ɗaya ne tak, kuma idan ya samu kujerar yana iya shekara talatin a kai. Idan gurbi ya buɗe, ba abin mamaki ba ne mutum ɗari ko fiye su nema. Ga yadda ake yi a wurare da yawa, musamman Amurka: ana kafa labule tsakanin alƙalai da mai neman aiki, a ba shi lamba maimakon suna, wani wurin har a shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta tona mace ce ko namiji. Zai kaɗa ɗan yanki daga wani sanannen kiɗa, sannan gutsattsarin wurare masu wuya da aka aiko masa tun makonni kafin ranar. Wani ko minti biyar bai cika ba zai ji murya daga bayan labule ta ce an gode. Shi ke nan, kuɗin jirgi da na masauki sun tafi. Wanda ya tsallake ma sai ya yi shekara ɗaya ko biyu na gwaji kafin a tabbatar da shi, a wasu tawagogin abokan aikinsa ne ke kaɗa ƙuri'a. Tun da 'ya mace kake da ita, ka san cewa wannan labule ya zo ne don rage son kai, kuma ba da daɗewa ba aka buɗe wa mata wasu ƙofofin: babbar tawagar Biyana ta ƙasar Ostiriya ba ta amince mace ta zama cikakkiyar mamba ba sai a 1997.

Mafi yawan waɗanda suka kammala karatu ba su zama taurari ba, ba su kuma samu kujerar dindindin ba. Suna haɗa abinci ne daga wurare da dama: yau cike gurbin wani a tawaga, gobe ɗaukar sauti na fim, ranar Asabar ɗaurin aure, sauran kwanakin ɗalibai. A cikin duk waɗannan, kuɗin ɗalibai ne kaɗai ke zuwa kowane wata ba fashi. Masu kujerar ma suna koyarwa, domin tisawar tawaga da safe ake yi, wasa da dare, tsakar rana kuma tasu ce. Masu son zama malaman jami'a a Amurka kan ƙara da digirin dakta na aikin kiɗa.

Akwai kuma jiki, wanda ba a cika gaya wa iyaye ba. Leon Fleisher da na ambata ya fara karatu wurin Schnabel yana ɗan shekara 9, ya ci gasar Beljiyam a 1952, ana ganin babu kamarsa a cikin tsararsa na Amurka. A 1964, yana da shekara 36, yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa ciki, suka ƙi bin umarni. Cuta ce ta jijiya da ke kama masu maimaita motsi ɗaya shekara da shekaru. Ya yi kusan shekara talatin yana kaɗa abin da aka rubuta don hannun hagu kaɗai, yana jagorancin tawaga, yana kuma koyarwa a makarantar Peabody ta Baltimore, inda ya fara aiki tun 1959, kafin magani ya dawo masa da hannun a shekarun 1990. Ka lura, ciwon ya same shi yana malami tun tuni, lokacin da sunansa ke tashe.

Mu dawo kan 'yarka. Ta fara tana shekara 10, wanda a bayolin an ɗan makara idan tauraruwar duniya ake nufi, amma ba a makara ba ga aikin tawaga ko koyarwa. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, sai da ta kai shekara 18 ta kama goge mafi girma, wanda ake kaɗawa a tsaye, bayan rauni a gwiwa ya raba ta da tseren gudu. Ta zama farfesa a Royal Academy of Music, ta kuma kafa tawagar Chineke! a 2015. Sai dai ka sani tana da tushen fiyano tun tana ƙarama. Akwai kuma biyola, yayar bayolin mai ɗan girma da kaurin sauti, wadda masu neman kujerarta ba su kai na bayolin yawa ba, kuma da yawa kan koma mata a shekarun 'yarka.

A gida Najeriya hanyar ba sabuwa ba ce. Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905, ya yi suna a Landan da kiɗan ogan na majami'a, ya rubuta nasa, ya ƙare aikinsa yana koyarwa a jami'o'in Amurka, ya rasu a can a 1987. Jami'ar Nsukka tana da sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. A Legas akwai ƙungiyar raya kiɗa ta MUSON da aka kafa a 1983, tana da makaranta a Onikan mai ba da difloma ta shekara biyu, kuma gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Amma kujerun albashi na tawaga irin na Turai kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Masu cin abinci da wannan kiɗa a Legas da Abuja, makarantu masu zaman kansu ne ke riƙe da su, sai majami'u, bukukuwa da darussan gida. Masu busa kuma suna da badujalar soja da ta 'yan sanda. Idan waje take hange, Jamus ta fi sauƙi ta fuskar kuɗi, domin tana da tawagogi na ƙwararru fiye da 120 kuma yawancin makarantun kiɗa na gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu mai yawa, amma sai ta iya Jamusanci, sai kuma ka nuna shaidar kuɗin da za ta ci ta sha.

Abin da zan ce ka fara yi a wannan zangon karatu shi ne ka tambayi malaminta, cikin ladabi, wane kayan kiɗa ne nasa na asali. A makarantu da yawa mutum ɗaya ke koyar da fiyano da ganga da goge duka, kuma riƙon da aka koya a karkace yana cin shekaru kafin a miƙe shi. Idan shi ba ɗan goge ba ne, ka nema mata wanda gogen ne sana'arsa, ko da ta bidiyo ne sau biyu a wata. Ka sa ta zauna jarrabawar mataki don a san ainihin inda take, domin "tana da kunne" yabo ne, ba ma'auni ba. Kada ta saki sauran karatunta. Ka kuma kula da gogen kansa idan hunturu ya kama: iskar Jos ta lokacin tana busar da katako har ya tsage, turakun ɗaure tsirkiya su riƙa zamewa. A ajiye shi cikin akwatinsa a rufe, nesa da taga da rana, a sa ɗan soso mai laima cikin gwangwani mai huji a gefe, kada ya taɓa jikin katakon.