Yadda kotun Ingila take auna laifin fasa gida

Ƙanena, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan da muka daɗe a Landan ba ma yi wa ɓarawo taron dangi, sai dai mu kira 'yan sanda mu koma gefe, kamar ba mu san ciwon dukiyarmu ba. Mun sani sarai, amma a nan doka ta riga ta ɗauki shiga gidan mutum da nauyi ƙwarai.

Dokar sata ta 1968 ta raba fasa shago da fasa gidan da ake kwana a ciki. Na farko iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara 10, na biyu shekara 14, idan kuwa ɓarawon ya shigo da makami, yana iya samun ɗaurin rai da rai. Wanda aka samu da laifin fasa gida karo na uku ba ya samun ƙasa da shekara 3, sai da dalili na musamman. Mai gida yana da damar kare kansa, amma ban da wuce gona da iri, domin manomin nan Tony Martin da ya harbe wani yaro ɗan shekara 16 da ya fasa masa gida a 1999, shi ma gidan yari ya tafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne alƙali ba ya tsayawa kan kuɗin kayan da aka ɗauka. Yakan duba ko ɓarawon ya daɗe yana shiri, ko tsoho ko mara lafiya ya zaɓa da gangan, ko masu gida suna ciki, ko cikin dare ne, ko akwai yara, sannan ya auna firgicin da aka bari a zukatansu.

Wata maƙwabciyarmu ta dawo daga aiki ta tarar an birkice ɗakinta, an zazzage akwatin lefenta a ƙasa, an tafi da 'yan kunnen mahaifiyarta marigayiya. Da farko kunya da kawaici suka sa ta ce wa 'yan sanda ba komai, ƙaddara ce. Sai da matan unguwa suka zaunar da ita suka ce ta rubuta gaskiya, cewa 'yarta ta yi makonni ba ta iya barci sai da fitila a kunne, domin wannan takarda ana gabatar da ita gaban alƙali kafin ya yanke hukunci.