Tambaya da Amsa: Akwatin Lasifikar Jita Mara Nauyi

Tambaya: Malam, akwatin jitata mai lasifika biyu na inci 12 ya yi wa babur nauyi. In na sauya zuwa lasifikar neodymium, zai yi sauƙi? Mai karatu daga Garwa.

Amsa: Zai yi, ɗan'uwa. Lasifikar inci 12 mai tsohon maganaɗisu takan kai kilo 4 zuwa 5, ta neodymium (wani irin maganaɗisu ƙarami mai ƙarfi) kuwa wajen kilo 2. Ka rage kilo 5 ke nan. Sauran nauyin na katako ne: a sa filawud mai kauri milimita 12 maimakon 18, amma kafinta ya ɗaura masa sanduna ta ciki, in ba haka ba jikin zai riƙa rawa yana ƙara.

Kafin ka saya, duba om, wato awon yadda lasifika ke tare wutar lantarki. Biyu masu om 8, in ka haɗa wayoyinsu ja da ja, baƙi da baƙi, om 4 suke bayarwa; in ka jera su ɗaya bayan ɗaya, 16. Dole lambar ta dace da abin da ke rubuce bayan amfilifaya. Ka taɓa wayoyin da batir mai volt 1.5: fuskokin lasifikun biyu su turo gaba tare. In ɗaya ta koma baya, kaurin sauti ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Neodymium yana rasa ƙarfi in ya yi zafi sosai, kuma ba ya dawowa. A Maris da Afrilu kada ka bar akwatin a rana ko cikin rufaffiyar mota, kuma kada ka rufe masa baya da zane ana kiɗa.